Wane Gareji Za Mu Kai Motar da Aka Sake wa Fasali?

Ƴan uwa manoma, idan kaka ta yi, hanyar kwalta da ta ratsa Gidan Rumji da Maraɗi da Agye da Gazawa takan cika da motocin kasuwa. Suna ɗauke da hatsi da wake da gujiya da aya, mutane kuma suna zaune bisa buhuna. Da yawa daga cikin motocin nan ba haka suka fito daga kamfani ba. An ƙara musu benci, an ɗora ƙarfen ɗaukar kaya a sama, wata ma an sauya mata inji. Irin motar nan ce kuma muke nema da tsakar dare idan naƙuda ta yi wa mace tsanani, don a kai ta asibiti. Saboda haka lafiyar motar ta shafi lafiyarmu.

Kafin mota ta hau hanya bisa doka, sai ta sami takardar rajista, wadda muke kira kart giriz, da takardar binciken lafiyar mota, wato bizit teknik, da kuma inshora. A cikin kart giriz an rubuta lambar shasi, da yawan kujeru, da nauyin da aka yarda motar ta ɗauka, da irin man da take sha. To, idan an mai da motar mutum biyar ta zama ta mutum goma sha biyu, ko an cire injin fetur an sa na gazwal, motar da takardarta sun saɓa. Shi ya sa tafiyarmu ta farko ba gareji ba ce. Mu fara zuwa ofishin hukumar sufuri a Maraɗi, mu faɗi canjin da aka yi, mu ji wanda za a karɓa da wanda sai an warware. Mu riƙe alƙalami, mu rubuta abin da aka faɗa mana.

Daga nan sai neman gareji. Mai gyara na ƙwarai ba ya yanke kuɗi daga tsaye. Sai ya shiga ƙarƙashin mota da fitila, ya duba shasi, wato ƙashin bayan mota. Idan ya ga tsagewa ko tsatsa ko tsohuwar walda, zai nuna mana da yatsa. Wanda ya fara yi mana zancen fenti tun bai cire taya ko ɗaya ba, mu yi masa godiya mu wuce. Haka ma wanda ya ce ya san wani da zai fito mana da takarda ba tare da an ga motar ba. Takardar za ta fito, amma birkin yana nan yadda yake.

A kan birki ne ya kamata mu daɗe. Kamfani ya auna birkin mota daidai da nauyin da ya ƙayyade mata. Makaniki yana iya ƙara ƙarafan sifirin don kada bayan motar ya zauna ƙasa, sai mu ga kamar ta ƙara ƙarfi. Amma birkin bai ƙaru ba. Mota mai nauyi tana buƙatar fili mai tsawo kafin ta tsaya, jaki da amalanke kuwa ba su jira. Kayan da aka jibga a sama kuma suna sa ta rinjaya a kwana har ta kife. Mu ce a buɗe birkin ƙafafu huɗu a gabanmu, a duba bututun man birki ko yana yoyo. Kada mu yarda a zuba ruwan sabulu a madadin man birki, ko da na kwana ɗaya ne. Ruwa yana tafasa idan birki ya yi zafi, sai ƙafa ta nutse mota ba ta tsaya ba.

Sitiyari, fitilu, madubi da oda duk za a duba su a wurin bincike, gyaransu kuma ba shi da wuya. Salansa ce mutane suka fi rainawa. Idan ta huje a ƙarƙashin inda fasinja ke zaune cikin rufi, iska mai guba wadda ba ta da wari tana shiga, ta kawo ciwon kai da jiri, har da suma.

Karatun da muka koya yana da aiki a nan. A jikin taya akwai lambobi huɗu a jere. Idan mun ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Taya tana tsufa ko da zanenta bai goge ba, zafin ƙasarmu kuwa yana gaggauta tsufanta. Lambar shasi ita ma mu karanta ta da kanmu. A motocin da aka ƙera tun wajen 1981, yawanci haruffa ne da lambobi 17. Mu gwada ta jikin ƙarfe da ta takarda, ɗaya bayan ɗaya. Mu gargaɗi mai walda kada wutarsa ta kusanci wurin, domin lambar da aka goge ko aka sake bugawa tana sa a zargi mota da zama ta sata.

Ƙaramin gyara ana iya yinsa a Agye ko Gazawa ko Gidan Rumji. Aikin shasi da sauya inji kuwa, gara a kai Maraɗi, inda kayan gyara suka fi samuwa. Ko ina muka kai, mu nemi a rubuta mana aikin da kuɗinsa kafin a fara, a ba mu rasit na kowane ƙarfe da aka saya, musamman inji, a kuma mayar mana da tsofaffin da aka cire. Mu yi sharaɗi tun farko cewa ragowar kuɗin aiki sai motar ta ci bincike. Idan an dawo da ita, mai gareji ne zai sake gyaran abin da aka ƙi.