Darasin lafiya: doguwar jinya da ciwon damuwa

Ƴan uwa, akwai ciwon da ke zuwa ya yi kwana uku ya wuce. Akwai kuma wanda ke zama da mutum wata da watanni, ko shekara da shekaru: tarin huka, hawan jini, ciwon sukari, farfaɗiya, yoyon fitsari. Irin wannan ba jiki kaɗai yake ci ba. Sau da yawa yana jawo ciwo na biyu, wanda ido ba ya gani. Dokotoro suna ce masa ciwon damuwa.

Mu ɗauki manomi mai tarin huka. Ruwan shuka ya sauka, kowa ya tafi gona, shi yana kwance a zaure. Bara shi ya cika rumbu. Bana ƙaramin ɗansa ke riƙe da hauya. An sai da akuya an biya kuɗin mota zuwa likita, an sake sai da ta biyu. Masu gaisuwa sun yi sati biyu suna zuwa, daga nan ƙafa ta ɗauke. Har ƙwaryar furarsa an ware, alhali ba ta ƙwarya ake ɗaukar tarin huka ba, ta iska ne in mai ciwon ya yi tari. Mutumin da ya saba ciyarwa, yau shi ake ciyarwa. Wannan ya fi tarin cin rai.

Kowa yakan yi baƙin ciki, amma na kowa yana wucewa. In ya kai sati biyu kullum ba sauƙi, to a lura. Mai ciwon damuwa ba abin da ke yi masa daɗi, ko hira, ko kasuwa, ko suna. Barci ya ƙi, ko kuwa ya yi yawa. Tuwo ba ya shiga. Yana cewa shi ba shi da amfani, ya zame wa iyali kaya.

Wasu su ce iska ce, wasu su ce sammu, wasu su ce ragwanci. Ba ko ɗaya. Ciwo ne, kuma ba a ƙauyenmu kaɗai yake ba. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 280 ke da shi a shekarar 2019. Ya fi kama mata, sai dai mace takan yi shiru tana daka.

Ga inda haɗarin yake. Wanda ya fid da rai yakan bar shan magani. Maganin tarin huka wata 6 ne, kuma kyauta ake ba da shi. In an bari a wata na biyu, tarin yakan dawo, wani lokaci ya dawo ba ya jin maganin farko. Mai hawan jini in ya bari, ɓarin jikinsa na iya shanyewa. Damuwa ta ƙara ciwo, ciwo ya ƙara damuwa.

Saboda haka, in kun kai marar lafiya likita, kada ku faɗi tarin kaɗai. Ku ce ba ya barci, ba ya ci, ba ya magana. Akwai magani, amma ba ya aiki ran da aka fara, sai an yi makonni ana sha. Kada a sayi taramol ko ƙwayar barci a tebur, suna ƙara lalata abin. A gida kuwa, a fito da shi inuwa cikin mutane. A riƙa neman shawararsa kan iri da taki da auren ɗiya. Ko tufkar igiya ce a ba shi, in yana iyawa. Mai jinya ita ma tana gajiya, a riƙa karɓarta.

In kuka ji ya ce gara ya mutu, kada ku yi dariya, kada ku yi masa faɗa. Ku ɗauke maganin ƙwari da igiya da wuƙa daga ɗakinsa. Wani ya kwana tare da shi. A kai shi likita ba tare da an jira ranar kasuwa ba.