Neman Kagoma a Intanet: Nazari a Kan Injunan Bincike Don Ɗalibin Harshe

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya kai ajin ƙarshe ya san ranar da malami zai amince da batun kundinsa, ya ce ya je ya kawo bitar ayyukan da suka gabata. A da, ɗakin karatu ake nufa. Yanzu kuwa, kafin ɗalibi ya bar harabar sashe ya riga ya zaro waya ya tambayi Google. Wannan muƙala za ta kwatanta wasu injunan bincike na intanet ta fuska uku: ingancin abin da suke kawowa, da tarkacen da suke cika fuskar waya da shi, da kuma sirrin mai bincike. Domin kada maganar ta tsaya a iska, za a ɗauki misalin ɗalibin da aka ba aikin nazarin Hausar da ake yi a Fadan Kagoma, hedikwatar masarautar Gwong da ke Ƙaramar Hukumar Jama'a, kusa da Kafanchan a kudancin Jihar Kaduna. Mutanen wurin suna da harshensu, amma Hausa ce harshen kasuwa da tasha da hulɗa da maƙwabta.

2.0 Injuna da yawa, rumbuna kaɗan

Injin bincike ba ya zagaya intanet a lokacin da aka yi masa tambaya. Tun kafin nan wata manhaja tasa ta bi shafuka ɗaya bayan ɗaya, ta kwafo kalmomin da ke cikinsu ta zuba a rumbu. Idan ka rubuta kalma, a rumbun yake dubawa, sannan ya jera shafukan bisa yadda ya ga darajarsu. Abin da ya ɗaga Google, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a 1998, shi ne dabarar auna darajar shafi da yawan shafukan da suka yi nuni zuwa gare shi, kamar yadda ake gane nauyin littafi da yawan masu kafa hujja da shi.

Abin lura shi ne rumbunan ba su da yawa. Google na da nasa. Bing, wanda Microsoft ya fito da shi a 2009, na da nasa. Brave Search, wanda ya bayyana a 2021, shi ma ya gina nasa. Amma Yahoo da DuckDuckGo galibin sakamakonsu daga rumbun Bing yake fitowa, Startpage kuma ya yi suna ne da ɗauko sakamakon Google. Saboda haka ɗalibin da ya duba Bing da Yahoo da DuckDuckGo, ya ce ya tabbatar da magana daga wurare uku, kusan rijiya ɗaya ya ɗebo da guga uku.

3.0 Inganci: wane suna ka rubuta?

A nan ne ɗalibin harshe ya fi kowa shan wuya, kuma a nan ne iliminsa ya fi yi masa rana.

Matsala ta farko ita ce suna. Kagoma sunan da Hausawa da takardun mulkin mallaka suka yaɗa ne. Mutanen suna kiran kansu Gwong, sarautarsu Kpop Gwong, masana harsuna kuma sukan rubuta sunan harshen Gyong, su sa shi cikin rukunin harsunan Filato. Akwai ma littafin nazari cikin Jamusanci da aka buga a Hamburg a 1988 wanda ya rubuta sunan Gong. Sunaye huɗu ke nan, kuma kowanne yana da abokin karo a duniya. Akwai wani yanki mai suna Kagoma a gundumar Jinja ta ƙasar Uganda. Akwai kamfanin tumatir na Japan mai suna Kagome, wanda inji zai iya zaton shi kake nufi ka yi kuskuren harafi. Gwong gaɓa ce da ake yawan gani idan an rubuta Sinancin Kanton da haruffan boko. Gyong La mashiga ce tsakanin duwatsu a yankin Kashmir. Gong kuwa a Ingilishi faifan ƙarfe ne da ake bugawa. Inji ba ya sanin wanne kake so. Wanda aka fi rubutu a kansa shi zai sa a gaba.

Wannan ba matsalar Kagoma kaɗai ba ce, kusan duk kudancin Kaduna haka yake: Kaje da Bajju, Kataf da Atyap, Jaba da Ham, Kagoro da Agworok, Kaninkon da Nikyob, Kafanchan da Fantswam. Tsofaffin rubuce-rubucen Turawa suna ƙarƙashin sunan farko, abin da 'yan ƙasa suke rubutawa yau kuma yana ƙarƙashin na biyu. Wanda ya nemi ɗaya ya bar ɗaya ya samu rabin tarihi. Kuma ya kamata ɗalibi ya sani cewa da yawa daga cikin al'ummomin nan sun fi son sunan da suke kiran kansu, don haka a kundi shi ya dace a gabatar, a ambaci ɗayan domin bayani.

Maganin wannan a hannun mai bincike yake. A haɗa sunan da wata kalma mai tsare shi, kamar Jema'a ko Kaduna. A sa jimla tsakanin alamun buɗe magana da rufe magana idan ana son ta fito yadda take, misali "Fadan Kagoma". A sa alamar ɗebewa a jikin kalmar da ba a so, misali Kagoma -Uganda. A ƙara filetype:pdf idan kundi ko muƙala ake nema. Akwai kuma dabarar da masana harsuna kaɗai suka sani: kowane harshe yana da lambar haruffa uku da aka ba shi a tsarin duniya, ta Hausa ita ce hau, ta Gyong kuma kdm. Neman wannan lamba tare da sunan harshen yakan kai mutum kai tsaye ga rumbunan masana irin su Glottolog da Ethnologue.

Matsala ta biyu ta Hausa ce kanta. A wurin kwamfuta ƙ da k haruffa ne daban, kowanne da lambarsa, haka ɗ da d, haka ɓ da b. Mafi yawan masu rubutu a waya ba sa sa ƙugiya, wasu jaridu suna sawa, wasu ba sa sawa, a Nijar kuma ana rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y. Ke nan kalma ɗaya tana warwatse cikin rumbu da siffa biyu ko uku. Wani inji yakan haɗa su, wani ba ya haɗawa, kuma halinsu yakan canza ba tare da sanarwa ba. Abin yi shi ne a nemi kowace kalma sau biyu, da ƙugiya da kuma babu: ƙasa da kasa, baƙi da baki, ɗaki da daki. Ga mai nazarin Hausar Fadan Kagoma abin ya fi haka daɗi, domin da yawa daga waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ce gare su ba sa bambanta ƙ da k a furuci. To idan ka ga rubutunsu a Facebook babu ƙugiya, shin furucinsu ne ya fito, ko allon wayar ne ba shi da harafin? Inji ba zai amsa maka wannan ba, sai ka je da kunnenka.

Ga kuma karon kalmomi da na wasu harsuna, tunda ba mu nuna karin sauti ko tsawon wasali a rubutu. Mata a harshen Indunusiya ido ne. Kasa a Turkanci akwatin kuɗi ne. Wanda ya rubuta kuka shi kaɗai yana neman bayanin itaciya ko miya, kada ya yi mamaki in ya tarar da kamfanin KUKA na Jamus mai ƙera mutum-mutumin masana'antu.

A nawa ganin, idan batun ƙaramin gari ne ko ƙaramin harshe, Google ya fi sauran kai hannu lungu, saboda girman rumbunsa, kuma yana da Google Scholar tun 2004 domin muƙalu da kundaye. Amma fifikon nan yana da iyaka. Babu injin da zai kawo abin da ba a rubuta ba. Hausa ta yi sa'ar kafofi irin su BBC, wadda ta buɗe sashen Hausa a 1957, da Muryar Amurka da DW da RFI da jaridar Aminiya. Harshen Tyap ya samu Wikipedia tasa a 2022 saboda wasu 'ya'yansa sun zauna sun rubuta. Abin da dattijon Fadan Kagoma ya sani game da kalmomin noman citta, ko yadda Hausa ta shiga waƙoƙin coci, yana bakinsa har yanzu.

Sai a yi hattara da wata sabuwar annoba. Tun da Google Translate ya fara fassara Hausa a 2013, shafuka sun yawaita waɗanda na'ura ce ta juyo su daga Ingilishi ba tare da mutum ya duba ba. Inji yana jera su tare da na gaske. Ɗalibin da ya ɗauko misalin jimla daga irin wannan shafi ya kafa hujjar nahawu da ita, nahawun na'ura ya nazarta. Alamarsu ba ta ɓuya: jinsi yana rikicewa a tsakiyar jimla, karin maganar Turanci yana fitowa da rigar Hausa.

4.0 Tarkace

A shekarun 2000 mutanen yankin Kafanchan da yawa sun fara taɓa intanet ne a cibiyar Gidauniyar Fantsuam da ke Bayan Loko, wadda ta kafa hanyar sadarwa marar waya mai suna Zittnet. A wancan zamani shafin Google fari ne fes, shi ya sa ya fi na Yahoo, mai cike da labarai da hotuna, saurin buɗewa. Yau sai mutum ya wuce talla, da taƙaitawar da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta, da jerin tambayoyin wasu, da bidiyo, kafin ya kai shafi na farko. Bing ma haka, ga labarai ga tayin manhajarsa ta Copilot. Duk wannan data yake ci, kuma inda sabis ke rawa jinkiri ne. DuckDuckGo da Startpage sun fi sauƙin kallo, DuckDuckGo ma yana da siga ta rubutu zalla. A 2024 Google ya ƙara zaɓin Web a saman sakamako, wanda ke share yawancin tarkacen ya bar jerin shafuka.

Taƙaitawar na'ura ce mafi haɗari, domin tana zuwa da murya irin ta mai tabbas. A watan Mayun 2024, da Google ya fara nuna ta a Amurka, an kama ta tana ba da shawarar a zuba gam a cikin abinci. Idan ta yi haka a Ingilishi, ina ga Gyong?

5.0 Sirri

A watan Agustan 2006 kamfanin AOL na Amurka ya saki tambayoyi kimanin miliyan 20 na mutane fiye da 650,000 domin masu nazari. Ya cire sunaye ya sa lambobi. Cikin 'yan kwanaki 'yan jaridar New York Times suka gano wata dattijuwa daga abubuwan da ta riƙa nema kawai: sunan garinsu, da sunan danginta, da lalurorin da ta tambaya. Abin da mutum yake nema ya isa ya nuna ko shi wane ne, balle a gari ƙarami inda kowa ya san kowa.

Google da Bing da talla suke samun kuɗi, kuma idan ka shiga da asusunka suna ajiye tarihin bincikenka. A wayar Android kusan kullum a cikin asusu kake. Ana iya shiga shafin ayyukan asusu a goge, ko a sa ya riƙa gogewa da kansa bayan wata 3 ko 18 ko 36. Tagar sirri ta Chrome kuwa tarihin da ke cikin wayar kaɗai take hana ajiyewa, ba ta ɓoye ka daga shafukan da ka ziyarta ba. DuckDuckGo, wanda Gabriel Weinberg ya kafa a 2008, ya yi alkawarin ba ya tara tarihin mutum, tallarsa kan kalmar da aka rubuta take dogara. Startpage na ƙasar Holan yana tsayawa tsakaninka da Google kamar ɗan aike. Su ma ba waliyyai ba ne: a 2022 an gano manhajar DuckDuckGo tana ƙyale wasu manhajojin bin sawu na Microsoft saboda yarjejeniyar da ke tsakaninsu, sai da aka yi surutu ya gyara, Startpage kuma tun 2019 wani kamfanin talla na Amurka ya sayi kaso mafi girma a cikinsa.

Mutane da yawa ba su taɓa zaɓar inji ba, wanda suka tarar a waya shi ke nan. Ba banza ba: shari'ar da aka yi a Amurka ta bayyana cewa a 2021 kaɗai Google ya biya fiye da dala biliyan 26 domin ya zama injin da ke buɗewa da kansa a wayoyi da manhajoji, kuma a Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke cewa kamfanin ya yi babakere ba bisa doka ba. Canza inji a saitin waya bai kai minti biyu ba.

Ga ɗalibin da zai fita aikin fili, sirrin da ke hannunsa ba nasa kaɗai ba ne. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta sa ƙabila da addini da lafiyar mutum cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma su ne ainihin abin da takardar tambayoyinmu take tattarawa. Kudancin Kaduna yanki ne da ya ga rikice-rikice, dattijon da ya yarda ya gaya maka wa yake yi wa Hausa, wa yake yi wa Gyong, da dalilinsa, amana ya ba ka. Kada ka rubuta cikakken sunansa da unguwarsa a akwatin bincike. Kada ka liƙa hirarsa gaba ɗaya a manhajar fassara ko ta hira da na'ura kafin ka cire sunaye. Idan a shagon kwamfuta ka buga aikin, ko a wayar aro ka shiga asusunka, ka fita daga asusun ka goge fayil ɗin daga kwamfutar kafin ka tashi. A cikin kundin ma, lamba da shekaru da jinsi sun wadatar, sai fa wanda ya ce da bakinsa a rubuta sunansa.