Jirgin Ƙasa na Tagulla a Tafin Hannu

Tambaya daga wani mai sauraronmu a Kiru: Wai yaya ake ƙera ƙananan kawunan jiragen ƙasa na tagulla?

To Malam, a Ingila da Amurka ana sayar da sassan jirgin a kwali, an fitar da siffarsu jikin fallayen tagulla. Maƙerin zai yanko su, ya goge da magagari, ya lanƙwasa, ya liƙe da dalma, sannan ya sa ɗan injin lantarki, ya shafa fenti. A ma'aunin HO, ana rage girman jirgi sau 87, faɗin dogonsa milimita 16.5.

Yaranmu masu motar langa-langa suna da wannan basira, don Allah a ƙarfafa musu gwiwa.