Darasi: Ƙauyen da Ke Zaɓe da Tsakar Dare

Can arewacin Amurka, a jihar New Hampshire kusa da iyakar Kanada, akwai wani ɗan ƙauye wai shi Dixville Notch. Tun 1960 mutanensa sukan taru da ƙarfe 12 na dare ran zaɓen shugaban ƙasa su jefa ƙuri'a. Dokar jiharsu ta yarda a buɗe akwati a ƙidaya da zarar kowa ya jefa tasa, don haka labarinsu kan fito tun sauran ƙasa na barci.

A dā sun fi son jam'iyyar Rifablikan. A 1960 su 9 duka Nixon suka zaɓa, amma Kennedy ya ci. A 2008 suka juya, Obama 15, McCain 6. A 2024 su 6 suka rabu daidai, Harris 3, Trump 3.

Malamai, mu nuna wa yara abu biyu. Na ɗaya, bakin ƙauye guda ba shi ne bakin ƙasa ba. Na biyu, kada kowa ya rena ƙuri'arsa, gama da mutum ɗaya ya kwanta barci a 2024, da lissafin ƙauyen ya sāke.