Darasi: Kamun Kai a Liyafar Babban Taro



Kowace shekara 'ya'yan Ikilisiya da dama sukan bar gidajensu su tafi babban taro: wasu na ƙungiyar ma'aikata, wasu na tsofaffin ɗalibai, wasu kuwa na ƙungiyoyinmu na majami'a. Sau da yawa a otal ake sauka. Da rana a saurari jawabai cikin natsuwa, da dare kuma a shirya liyafa. A wannan liyafa ce mutumin da aka sani da dattaku a garinsu yakan zubar da mutuncin da ya yi shekaru yana tarawa. Darasinmu na yau zai duba yadda hakan ke faruwa, da abin da ya wajaba mu yi.

Abin da ya faru a Las Begas

A watan Satumba na shekarar 1991, wata ƙungiyar matuƙan jiragen yaƙi na sojan ruwan Amurka mai suna Tailhook ta yi taronta na shekara a otal ɗin Hilton da ke birnin Las Begas. Mutane wajen 4,000 suka halarta, har da manyan hafsoshi. An kama ɗakuna a hawa na uku inda ake raba giya har tsakar dare. Da maye ya kama, wasu hafsoshi suka jeru a hanyar da ke tsakanin ɗakunan suna cin zarafin matan da suka zo wucewa. Rahoton binciken Ma'aikatar Tsaron Amurka na 1993 ya nuna cewa mata 83 da maza 7 aka ci zarafinsu.

Ɗaya daga cikin matan, Laftanar Paula Coughlin, matuƙiyar jirgi mai saukar ungulu, ta kai ƙara ga shugabanninta. Da ta ga ana jan ƙafa, ta fito fili ta faɗa wa duniya a 1992, kuma a wannan shekara Sakataren Sojan Ruwa, Lawrence Garrett, ya yi murabus. A 1994 kotu ta sami otal ɗin da laifin sakaci wajen tsaron baƙinsa, aka yanke masa diyyar dala miliyan 6.7, wadda alƙali ya rage daga baya.

Mu lura, waɗannan mutane ne masu ilimi da horo, waɗanda aka amince musu da jiragen miliyoyin kuɗi. Abu uku suka haɗu a kansu: giya ba iyaka, nisa da gida, da shirun manya. Duk inda ukun nan suka haɗu, ko a wace ƙasa ce, sakamakon ɗaya ne.

Yadda giya ke aiki a jiki

Barasa takan fara da raunana sashen ƙwaƙwalwa mai auna daidai da kuskure, tun kafin ta taɓa harshe ko ƙafa. Shi ya sa mai sha yakan rantse cewa yana cikin hankalinsa, alhali ma'aunin da zai gane haka ne ya fara lalacewa. Hanta kuwa ba ta gaggawa. Giram 10 ko ƙasa da haka take iya kawarwa cikin awa guda, amma babbar kwalbar giya mai santilita 60 tana ɗauke da wajen giram 24. Wanda ya sha kwalba huɗu da dare, to, gari zai waye da sauran barasa a jininsa. Kofi, goro ko wanka da ruwan sanyi ba sa fitar da ita. Lokaci ne kaɗai ke fitar da ita. Abinci a ciki yana rage saurin shigarta jini, amma ba ya hana ta shiga.

Abin da Littafi Mai Tsarki ke koya mana

A sura ta 1 ta Littafin Esta, Sarki Ahasurus ya yi liyafa ta kwana bakwai, ya kuma kafa doka mai kyau cewa kada a tilasta wa kowa sha. Amma bai sa wa kansa iyaka ba. A rana ta bakwai, da ruwan inabi ya ratsa shi, ya umarta a kawo Sarauniya Bashti domin baƙi su kalli kyanta. Ta ƙi, aka tuɓe ta. Tun zamanin dā, idan maza suka bugu a taro, mace ce takan fara biyan bashin.

A sura ta 5 ta Littafin Daniyel, Sarki Belshazzar ya tara manyansa dubu, yana cikin sha ya sa aka kawo tasoshin Haikalin Urushalima suka sha a ciki. A daren nan aka kashe shi. Manzo Bulus kuma ya tsawata wa Korintiyawa domin a taronsu na cin abinci wani yana fama da yunwa, wani kuwa ya bugu. A wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa ya lissafta buguwa cikin ayyukan jiki, kamun kai kuwa cikin 'ya'yan Ruhu.

Wani zai ce, ai Ubangijinmu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi a bikin Kana. Gaskiya ne, kuma Ikilisiya ba ta taɓa koyar da cewa farin cikin biki zunubi ne ba. Amma mu tuna cewa bikin Kana yana da uban biki mai lura da abin da ake zuba wa baƙi, kuma Uwarmu Maryamu tana wurin da idonta a buɗe. Katikisim na Ikilisiyar Katolika, wanda ya fito a 1992, ya koyar a lamba ta 2290 cewa kamewa tana hana mu wuce gona da iri wajen abinci da giya da taba da magani, kuma wanda ya jefa ransa ko na wasu cikin haɗari saboda maye ya ɗauki babban laifi. Wanda ya san halinsa idan ya sha, ya kuma sha da gangan, ba zai fake da cewa giya ce ta sa shi ba.

Aikin masu shirya taro

Rigakafi ya fi magani. Ga abin da muke roƙon kowane kwamiti ya yi tun kafin ranar:

1. A tsai da lokacin farawa da na tashi, a rubuta cikin takardar gayyata, a kuma rufe wurin sha awa guda kafin tashi.
2. A fara da abinci. A wadata ruwa da lemo da zoɓo da kunu, domin wanda ba ya sha kada ya ji kamar bare.
3. Idan za a ba da giya, ma'aikatan otal su riƙa miƙawa ɗaya ɗaya. Kada a jibge katan a kan tebur, kada kuma a ba yara.
4. A naɗa dattawa, maza da mata, waɗanda ba za su sha ko kaɗan ba a daren. A sanar da sunayensu, a ba su ikon cewa ya isa, ko da shugaban taro ne ya wuce iyaka.
5. A hana mai da ɗakunan kwana wurin sha. Abin da ba a iya yi a zauren taro, bai kamata a yi shi a bayan ƙofa ba.
6. A zauna da manajan otal da masu gadi, a san wanda za a kira idan rigima ta tashi.

Idan ɗan'uwa ya riga ya bugu, kada a yi masa tsawa a gaban jama'a. Mutum biyu su janye shi cikin lalama, su karɓi makullin motarsa, su kwantar da shi a gefensa domin kada amai ya shaƙe shi, wani kuma ya zauna kusa da shi. In an tashe shi bai farka ba, ko numfashinsa ya yi ƙasa, a garzaya da shi asibiti. Nasiha sai gari ya waye.

Idan kuwa wata ta kawo kukan an taɓa mutuncinta, a saurare ta nan take, a kai ta wurin da za ta sami kariya, a sanar da hukuma. Kada a tambaye ta me ya kai ta wurin. Rufa asirin mai laifi don kare sunan ƙungiya shi ne ya mai da abin Las Begas kunyar ƙasa baki ɗaya.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A liyafar ƙarshe da muka halarta, wa ke da ikon cewa ya isa?
2. Mun taɓa matsa wa wani ya sha bayan ya ce a'a?
3. Da 'ya'yanmu za su gan mu a daren taro, za su gane mu?

Mu yi addu'a: Ya Allah Uba, kai da ka ba mu farin cikin zumunci, ka ba mu ruhun kamun kai, ka sa mu zama masu tsaron 'yan'uwanmu a gida da kuma a baƙunci, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.