Yadda Iyali Za Su Gane Maganin Ciwon Damuwa Ya Fara Aiki

Gabatarwa

Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar, in ya sha magani, cikin kwana 3 yakan miƙe. Da wannan ma'auni ne iyalai da yawa suke auna maganin ciwon damuwa da na fargaba. Idan mako ya cika ba a ga canji ba, sai a ce maganin bai karɓi mai ciwon ba, a ajiye shi. Wannan kuskure ne mai tsada, gama sau da yawa akan ajiye maganin ne daidai lokacin da yake dab da soma aiki.

Lokacin jira

Magungunan da likitoci suke rubutawa, irin su fluoxetine, sertraline da amitriptyline, sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin amfaninsu, cikakken amfanin kuwa yakan kai mako 6 zuwa 8. Abin da ke rikita mutane shi ne, illolin maganin ne suke riga amfaninsa zuwa: tashin zuciya, ciwon kai, bushewar baki, yawan gyangyaɗi, wani lokaci ma fargabar ta ɗan ƙaru a makon farko. Yawancinsu sukan lafa bayan mako 1 ko 2.

Diazepam dabam yake. Yana kwantar da jiki cikin sa'a guda, amma ba ya warkar da ciwon damuwa, jiki kuma yakan saba da shi har ya wuya a bari.

Alamun da za a duba

Sauƙi ba ya shigowa da shela. A cikin ƙananan al'amuran gida yake fara bayyana, sau da yawa kuma mutanen gida ne suke riga mai ciwon gani.

Na fari, barci da cin abinci. Wanda dā yakan farka da ƙarfe 3 na dare ya kasa komawa, yanzu yana kai asuba. Kwanon da ake mayarwa yadda aka kawo shi ya fara dawowa da saura kaɗan. Mai karanta 1 Sarakuna sura 19 zai tuna cewa sa'ad da annabi Iliya ya gaji da ransa, barci da abinci da ruwa aka fara ba shi kafin a yi masa maganar aiki.

Na biyu, ƙarfin jiki. Yana yin wanka ba sai an matsa masa ba, yana fita ƙofar gida, uwa ta koma kula da shirin yara zuwa makaranta.

Na uku, hankali ya fara tattaruwa. Yana iya bin hira har ƙarshenta, ko ya karanta shafi guda ya riƙe abin da ya karanta. Ga mai fargaba, bugun zuciya da rawar jiki sukan ragu, ya iya shiga kasuwa ko ya zauna sujada har a tashi.

Jin daɗin rai shi yakan zo a baya. Saboda haka idan ya ce, "Ni dai ban ji wani bambanci ba," kada a yi masa gardama. A nuna masa abin da aka gani cikin taushin murya. Yana da amfani wani a gida ya riƙa rubuta yadda barci, ci da fita suka kasance kowane mako, a kai wa likita. Ranar da ta zo da nauyi a tsakanin ranaku masu sauƙi ba ta nuna maganin ya kāsa ba.

Abin da ba sauƙi ba ne

Idan mai ciwon ya daina barci amma ba ya gajiya, yana surutu ba tsayawa, yana kashe kuɗi barkatai, wannan ba warkewa ba ce, a koma wurin likita nan da nan. Haka kuma idan ya fara maganar kashe kansa. Ƙarfin jiki yana iya dawowa tun baƙin cikin bai tafi ba, shi ya sa makonnin farko suke bukatar sa ido, musamman ga waɗanda ba su kai shekara 25 ba. Kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma a bar tarin magani a hannunsa. Idan an yi mako 4 zuwa 6 ana sha kullum ba wata alama, likita yana iya ƙara yawan maganin ko ya canja wani.

Bayan an sami sauƙi

Jarraba mafi girma takan zo ne sa'ad da mutum ya ji garau, ya ba da shaidar godiya a ikkilisiya, ya ga kamar ci gaba da shan magani rashin bangaskiya ne. Ba haka ba ne. Ka'idar likitoci ita ce a ci gaba aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, sa'an nan a rage a hankali bisa umarninsu. Yankewa farat ɗaya tana kawo jiri da rashin barci, tana kuma buɗe wa ciwon ƙofar dawowa. Godiya ga Ubangiji da shan magani a kan lokaci ba sa gāba da juna.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne kalmomi ne a gida suke sa mai ciwon damuwa ya ɓoye maganinsa?
2. Ta yaya dattawa da zumuntar mata za su ƙarfafa iyali a makonnin jira?