Suzuki Hayabusa Na 1999: Abin Da Ya Kai Babur Ga Gudun Kilomita 300 A Awa Ɗaya

A shekarar 1999 kamfanin Suzuki na ƙasar Japan ya fito da babur mai lamba GSX1300R, wanda duniya ta fi sani da Hayabusa. Kafin zuwansa, Honda ce ke riƙe da kambun gudu da babur ɗinta CBR1100XX Super Blackbird, mai yin kusan kilomita 290 a awa ɗaya. Sunan da Suzuki ta zaɓa ma habaici ne: Hayabusa a harshen Japananci wani nau'in shaho ne mai tsananin sauri, wanda yake farautar tsuntsaye irin wanda Honda ta sa wa nata babur sunansa. Da mujallun babura suka gwada shi, sun samu gudu tsakanin kilomita 303 zuwa 312 a awa ɗaya.

Yawancin masu kallon irin wannan babur suna ɗauka girman inji ne kawai sirrin. Inji yana da nasa kaso, amma rabin labarin yana jikin robar da aka lulluɓe babur ɗin da ita.

Injin da alƙalumansa

Injin Hayabusa na farko yana da girman cc 1,299, silinda huɗu a jere, kowace da bawul huɗu, jimilla 16. Ruwa ne ke sanyaya shi ta lagireto kamar mota, kuma babu kabureta a jikinsa, kwamfuta ce ke auna man da za a fesa wa kowace silinda. Giyarsa shida, sarƙa ce ke kai ƙarfi zuwa tayar baya. Suzuki ta ce yana ba da ƙarfin doki 175 idan injin yana juyi 9,800 a minti ɗaya, nauyinsa kuma kilo 215 ba tare da mai da ruwa ba. Domin a gane tazarar, babur ɗin Boxer da 'yan acaɓa ke hawa cc 100 ne, kuma ƙarfinsa bai kai doki 10 ba.

Akwai alƙalami na biyu da mutane kan tsallake, wato ƙarfin murɗa. Shi ne yake nuna yadda injin ke murɗa ƙarfen da ke juya taya, ana auna shi da Nm. Na Hayabusa 138 ne a juyi 7,000. Alƙaluman biyu ba baƙin juna ba ne, ɗaya daga ɗaya ake fitar da shi: a ninka ƙarfin murɗa da yawan juyi, a raba da 9,549, sai a samu kilowat. Idan aka ninka 138 da 7,000 aka raba, za a samu kilowat 101, kusan doki 137 ke nan. Ma'ana tun injin bai je kusa da ƙarshensa ba ya riga ya ba da fiye da kashi uku cikin huɗu na ƙarfinsa. Shi ya sa mahayin Hayabusa ba ya buƙatar yawan sauya giya. Ko a giya ta shida ya murɗa totur, babur ɗin zai amsa nan take.

Yaƙi da iska

A gudun cikin gari iska ba wata matsala ba ce. Da zarar an wuce kilomita 200, kusan duk ƙarfin injin yana ƙarewa ne wajen ture ta. Ƙa'idar ita ce: idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar iska tana ninkawa sau huɗu, ƙarfin da ake buƙata don cin galaba a kanta kuma sau takwas. Don haka tashi daga 290 zuwa 310, wanda a ido ƙarin kilomita 20 ne kacal, yana neman ƙarin ƙarfi na kusan kashi 22 cikin ɗari, in dai siffar babur ɗin ba ta canza ba.

Injiniyoyin Suzuki sun bi ta ɓangare biyu. Sun ƙara ƙarfin inji, sannan suka sassaƙa jikin babur ɗin a ɗakin gwajin iska har ya koma kamar ƙwai. Fitilun gaba an ɗora ɗaya kan ɗaya maimakon a jera su gefe da gefe, don hancin ya tsuke. Sigina an nutsar da ita cikin jiki. A bayan mazaunin direba akwai wani tozo da ke taimaka wa iska ta sauka sumul. Kusa da fitila kuma akwai ƙofofi biyu da ke kwasar iska su tura ta cikin inji, ta yadda gudun da kansa ke ƙara wa injin numfashi. Koji Yoshiura ne ya zana siffar, kuma da yawa a lokacin sun ce babur ɗin mummuna ne. Gaskiya ba a yi shi don kyau ba, iska aka yi wa ɗinkin.

Abin da ya biyo baya

Gudun nan ya tayar da hankalin hukumomi a Turai, har aka fara maganar hana shigo da irin waɗannan babura. Kawasaki kuma tana shirin fito da ZX-12R a 2000 don ta karɓe kambun. Gudun kada doka ta hau kansu, sai kamfanonin suka amince a tsakaninsu, ba tare da wata rubutacciyar doka ba, cewa za a ƙayyade gudu a kilomita 299. Daga samfurin 2001 kwamfutar Hayabusa ce ke hana shi wuce nan. Na 2008 mai cc 1,340 ya fi na farko ƙarfi, na 2021 ya fi su na'urorin tsaro, amma duk a 299 suke tsayawa.

Kilomita 312 a awa ɗaya daidai yake da mita 87 a daƙiƙa ɗaya. Filin ƙwallo guda ke nan a daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Tazarar tsayawa ita ma tana ninkawa sau huɗu duk lokacin da gudu ya ninka sau biyu, kuma na 1999 ba shi da birkin ABS, ba shi da na'urar hana taya sulɓi. Faifan birki biyu ne a gaba masu faɗin milimita 320, sauran aikin na hannun mahayi ne. A titin da rami ko akuya za su iya bayyana kowane lokaci, ko rabin wannan gudun ya fi ƙarfin ido da hannu.

Mai neman na hannu ya lura da abu uku. Na 1999 da 2000, waɗanda ba a ƙayyade ba, mitar gudunsu tana kaiwa 350, kuma su masu tara babura suka fi nema. Ƙarfen da ke ɗauke da mazauni a waɗannan biyun na alminiyom ne, an samu rahoton tsagewarsa idan an yi masa lodi, sai Suzuki ta koma baƙin ƙarfe a 2001, don haka a cire kujera a duba walda. Na uku, an taɓa kiran na farko-farko a sauya abin da ke ɗaure sarƙar cikin inji. Idan aka tayar da inji da sanyi aka ji kacau-kacau daga ɓangaren sarƙar, a kira makaniki kafin a yi maganar kuɗi.